Uwargida, Kin San Awon Jinin PSA?

A wannan mako zancenmu a kan lafiyar maigida ne, domin sau da yawa ke ce za ki fara lura yana tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, shi kuwa kunya ta hana shi faɗi.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka, girmanta kamar goro, wadda likitoci ke kira furostet. Ta cikinta hanyar fitsari ta ratsa. Wannan tsoka tana yin wani sinadari mai suna PSA. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan: PSA enzayim ne, wato sinadari mai yanka wasu sinadarai kamar almakashi. Aikinsa na asali shi ne tsinka maniyyi ya zama ruwa-ruwa, don ƙwayoyin haihuwa su sami damar tafiya.

In tsokar tana lafiya, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Amma in sankara ta kama ta, sai ta ɓata bangon da ke tsare shi, ya yi ta yoyo cikin jini. Ming Wang da abokan aikinsa ne suka tace shi a birnin Buffalo na Amurka a 1979. A 1986 hukumar magunguna ta ƙasar ta yarda a riƙa auna shi don bin sawun ciwon, a 1994 kuma don neman ciwon tun da wuri.

To, ashe wannan almakashi ba labari kaɗai yake kawowa ba. A jiki akwai sinadarin da ke sa ƙwayoyin nama girma, ana ce masa IGF, wanda wani furotin ke riƙe da shi kamar dabaibayi. A 1992 masana suka nuna cewa PSA yana iya tsinke wannan dabaibayi. In ya tsinke, sinadarin girman ya sami sake, ƙwayoyin sankara su samu abin da zai ƙara musu yawa. An kuma ga yana yanka zaren naman da ke kewaye da ƙwayoyi, abin da ake jin yana buɗe wa ciwon hanya. Sai dai wani binciken ya nuna yana rage tsirowar sababbin jijiyoyin jini da ƙari ke sha daga gare su. Saboda haka masana na nan suna auna sharrinsa da alherinsa.

Ga abin da ya shafe ki. Wannan ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, kuma baƙar fata sun fi shiga haɗarinta. Da fari ba ta cika nuna alama ba, sai ta kai ga ƙashi mutum ya fara kukan baya da ƙugu. In maigida ya kai shekara 45, musamman in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, ki lallashe shi ya je ya yi shawara da likita kan awon. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Kwana 2 kafin awon a dakata da kwanciyar aure, domin tana ɗaga lambar.

In lambar ta wuce 4, kada ki ɗora hannu a ka. Kumburin tsufa ko ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga ta, likita ne zai ƙara bincike. Nelson Mandela ya yi jinyar wannan ciwo a 2001, ya rayu har 2013.

Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki yi masa maganar cikin ladabi. Ku kuma 'yan mata, ku karanta wa iyayenku mata wannan shafi.

Allah ya ba mazajenmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.