Akwatin Da Ke Raba Saƙo A Ofishin Ƙungiya

Ƙungiyoyin manoma da dama yanzu suna da kwamfuta a ofis. Ga ta ma'aji mai lissafin bashin taki, ga ta magatakarda, ga na'urar buga takardu, wani wurin har da kyamara a bakin sito. Wayoyinsu duka suna haɗuwa a wani ɗan akwati mai ƙofofi 8, ko 24, ko 48. Sunansa suwici.

Iri biyu ne. Akwai wanda sai dai a jona shi kurum, ba shi karɓar umarni. Akwai kuma wanda ake shiga cikinsa ta kwamfuta a gaya masa abin da zai yi. Na biyun ya fi tsada, a kansa kuwa muke magana. Mai noman rani zai gane shi da sauri, gama aikinsa kamar na mai ban ruwa ne: a buɗe wa wannan fangali, a toshe wancan.

Kowace na'ura tana da lambarta. Suwici yakan lura da ƙofar da kowace lamba take, ya kai saƙo ga mai shi kaɗai. Amma akwai saƙon shela, wanda yake turawa ta dukan ƙofofi. To, a nan haɗari yake. A ce wani ya ga waya tana lilo, ya ɗauka taimako ne, ya soka ta a wata ƙofa, alhali ɗaya bakin nata yana cikin akwatin nan. Shelar za ta fita ta wannan ƙofa, ta komo ta waccan, ta yi ta zagaye ba iyaka har hanya ta cushe. Nan da nan aiki ya tsaya cik, ko da ranar rabon taki ce, mutane suna layi a rana. Wata masaniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ta samo maganin wannan a 1985, watau tsarin da ke gane zagaye ya rufe ƙofa ɗaya. Suwici mai karɓar umarni yana da shi. Ku tabbata an kunna.

Abu na biyu shi ne shinge. Ana iya kasa ƙofofin gida gida. Masu aikin suna ce da wannan bilan, an kuwa tsayar da ƙa'idarsa a 1998. A sa ma'aji a nasa gida, kyamara a nata, baƙi masu neman intanet a nasu. Da haka baƙo ba zai leƙa littafin bashi ba. Ƙofar da ba a amfani da ita a rufe ta.

Ana kuma iya ƙayyade rabon kowace ƙofa, domin kada mai kallon bidiyo ya shanye hanya ma'aji yana jira.

Idan mai gyara ya zo, kada ya tafi sai ya sāke kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita, ya ba shugaba da magatakarda a rubuce. Ya kuma adana umarnin da ya bayar. A suwici da yawa, abin da ba a adana ba yakan goge da zarar an ɗauke wuta, mun kuwa san halin wuta a ƙauye. A ƙarshe a manna takarda a bango mai nuna ƙofar kowace na'ura, a rubuta lambar ƙofar a jikin wayarta.