Dariya A Tsakiyar Masifa: Yadda Masana Suka Karɓi "Confusion Na Wa"

Duk wanda ya saba fitowa daga Jikwoyi da sassafe, ya bi ta Karu da Nyanya zuwa wurin aiki a Abuja, ya san cewa cunkoson motoci kasuwa ce ga ɓarayin waya. To, a kan irin wannan sata ce Kenneth Gyang, ɗan Jihar Filato wanda ya koyi aikin fim a Jos, ya gina wasansa mai suna "Confusion Na Wa", wanda aka ɗauka a Kaduna, ya kuma fito a 1434 ta Hijira, wato 2013.

Wasu zauna-gari-banza ne biyu, Charles da Chichi, suka tsinci damar sace wayar wani magidanci, Emeka, suka tarar da asirin nemansa da matar aure a ciki, suka ce sai ya biya kafin su yi shiru. Ramsey Nouah ne ya fito a Emeka, Ali Nuhu kuwa ya fito a Bello, mijin matar, ma'aikacin ofis mai haƙuri wanda kowa ya raina. Mai kallo yana cikin ƙyaƙyata dariya sai ya ga an shiga maganar fyaɗe da kisan kai.

Alƙalan gasar AMAA da aka yi a Yenagoa cikin watan Afrilu 2013 sun ba shi lambar fim mafi kyau a Afirka, a shekarar da ta biyo baya kuma da shi aka buɗe bikin finafinan Afirka na New York a Amurka. Masu sharhi sun yaba da tsarin labarin da zafin bakin 'yan wasan. Amma ba a rasa nono a ruga: akwai waɗanda suka ce ƙarancin kuɗi ya nuna a sauti da hoto, wasu kuma suka ga haɗuwar mutanen labarin da juna ta cika dacewa.

Abin da ya fi cancantar tunani shi ne ƙarshen wasan. Masu kallon finafinan Kano sun saba ganin mugu ya girbi abin da ya shuka kafin a tashi, domin Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A nan kuwa kwikwiyon ɓatan hanya ya yi: harsashin da aka nufi Charles da shi, Chichi ya samu.

Wani zai ce wannan ba tarbiyya ba ce. Amma wanda aka taɓa fizge wa waya a titi, ya ga ɓarawon washegari yana shan shayi hankali kwance, ya san Gyang bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya ƙi lallashin mai kallo ne, ya bar shi ya koma gida yana tambayar wa ke da alhakin gyara.