Ko ka sani? Baƙin hunturu da ke sauka a kan gawo

Duk ɗan ƙasar Gumel ya san shamuwa: da ta bayyana, sai a shiga sharar gona. Kaka na yi ta juya kudu. To ko ka san tana ba da baya wasu baƙin ke isowa, su kuma daga Turai?

Cikinsu akwai wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, fikafikanta ja-ja, nauyinta wajen giram 15 ne. A Ingila ko Jamus take ƙyanƙyasa. Wajen Satumba sai ta taso, tana tafiyar dare, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta sauka a irin gonakin da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Yaro mai danƙo ba ya ma ɓata dutsensa a kanta.

Me ta zo ci a ƙasar da ta bushe ƙayau? Ɗaga kai ka dubi gawo. Shi dai bauɗaɗɗen itace ne, yana kaɗe ganye da damina, sai sauran itatuwa sun fara tsiraita ya yi kore shar, ya fid da fure. Furen ya kira ƙwari, ganyen ya tara tsutsa, baƙuwa ta sami kalaci. Aduwa da farar ƙaya ma suna taimakawa. Shi ya sa in makiyayi ya hau gawo da gatari ya yi masa ƙwal-kwabo saboda tumaki, ba inuwa kaɗai aka rasa ba. Ban ga laifinsa ba, dabba sai ta ci, amma a bar wasu rassa mana.

Turawa sun ga illar rashin wannan kalaci a ƙofar gidansu. Bayan farin da aka yi a yankin Sahel a 1968, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar a 1969 wajen kashi biyu bisa uku na wannan tsuntsuwa ba su koma ba.

Akwai kuma wani ɗan uwan shaho, namijin ruwan toka, bakin fikafikansa baƙi, macen ƙasa-ƙasa. Ba ya lulawa sama kamar shirwa. Ƙasa-ƙasa yake bin gonar da aka girbe, fikafikai a ɗage, yana tangaɗi, sai ka ga ya faɗa kwatsam ya taso da fara. A gonakin alkama na Turai yake sheƙa, a ƙasa, nan ma cikin ciyawa yake kwana.

Masu son ganin taron agwagin ruwa Baturiya suke nufa, cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Waɗannan biyun kuwa ba sai ka yi nisa ba: hanyar Maigatari da hantsi, kafin hazo ya yi kauri, ta isa. Zuwa Afrilu sun yi ƙiba sun kama hanyar arewa.