Yadda ake koya wa likitocin gunduma aikin fiɗa

Masu sauraronmu na Tsauni da ƴan uwa da ke cirani a Kano ko Aljeriya sukan tambaya: me ya sa idan naƙuda ta yi gardama majo yake rubuta takarda ya ce a wuce gaba?

To, aikin lafiya a Nijar hawa-hawa ne. Akwai ɗakin shan magani na ƙauye, sai CSI inda majo da ungozoma suke, sai asibitin gunduma kamar na Matameye, sannan babban asibitin ƙasa na Damagaram. A CSI ana awon ciki, ana karɓar haihuwa, ana maganin masassara da tamowa, amma ba a fiɗa. Ita fiɗa sai da ɗaki na musamman, da jini, da mai sa barci, da likitan da ya iya.

A nan matsalar take. Ƙwararrun likitocin fiɗa kaɗan ne, kuma yawancinsu suna Yamai da manyan birane. Shi ya sa tun wajen 2005 aka ɓullo da wata dabara: a ɗauki likitan da ya gama karatunsa, a ƙara masa horo na wata 12. Wata 3 na farko karatu ne a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sauran wata 9 kuma a asibitin jiha, hannu da hannu da gwani. Ba komai yake koya ba, sai abin da ya fi kashe talaka cikin gaggawa: ciro jariri ta ciki, tsayar da zubar jini, gwaiwar da ta shaƙe, hanjin da ya huje. Daga nan a tura shi gunduma.

A ganinmu wata 9 ɗin nan su ne zuciyar horon. Can ne yake saba wa macen da aka kawo a amalanke bayan kwana biyu tana naƙuda, da mijin da ba shi da ko jaka guda a aljihu.

Game da kuɗi, tun 2006 fiɗar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a doka, ko da yake magani kan yanke. Abin da ya fi cin iyali shi ne kuɗin mota da abincin mai jinya. Don haka masu aiko kuɗi gida, idan cikin matarku ya kai wata 8, ku ware na mota daban, a ajiye shi hannun wanda zai iya fita da dare.