Shirin Musamman: Zaɓen Na'urorin Awon Lantarki ga Masu Gyara a Matankari da Ƙasar Arewa

Shirin na yau zai duba wasu na'urori biyu da ake haɗawa da kwamfuta domin awon lantarki, da kuma abin da ya kamata mai gyara a Matankari, Dogonduci ko Tibiri ya lura da shi kafin ya fitar da kuɗinsa ya saya.

Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa da ke cikin kwarin Dallol Mawri a jihar Dosso, ta shiga zamanin da rayuwar yau da kullum ta rataya a kan lantarki, domin famfunan rijiyoyin burtsatse, da firjin ajiye alluran rigakafi, da wuraren cajin salula, yawancinsu da faifan hasken rana da batir suke aiki. Wannan dogaro ya ƙaru bayan watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, kuma ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Hasken rana ba baƙon ilimi ba ne a Nijar, tun da Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya kuma rasu a 1991, ya ƙarar da rayuwarsa a kan binciken hasken rana. Abin da ya yi ƙaranci a karkara shi ne kayan awo da za su nuna wa mai gyara ainihin inda matsala take, don haka sau da yawa ana canza batir mai lafiya ko a zargi injin famfo, alhali laifin yana wani wuri dabam.

Na'ura ta farko ita ce osiloskop, wato na'urar da ke zana yadda ƙarfin lantarki ke hawa da sauka a cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Asalinta yana komawa ga bututun da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897, sannan kamfanin Tektronix na Amurka, wanda aka kafa a 1946, ya mayar da ita kayan aikin ɗakunan gwaji, kafin kamfanin Pico Technology na Ingila ya fara sayar da irin wadda ake jonawa da kwamfuta a 1991. Irin wannan ba ta da allo nata, ƙaramin akwati ne da ake haɗawa ta kafar USB, kwamfuta kuma ta nuna zanen ta adana shi. Amfaninta yana bayyana a kan inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir zuwa wutar gida: mitar hannu za ta iya nuna bolt 220 a kan inbata biyu, amma osiloskop zai nuna cewa ɗaya tana fitar da igiya mai santsi sau 50 a kowane sakan, ɗayar kuma tana fitar da mai kusurwoyi kamar matakala, wadda ke sa injin firji da na famfo su yi zafi su lalace da wuri. A nan ne maganar Hausawa ta gani ya kori ji take tabbata.

Na'ura ta biyu ita ce mai taskace awo, wadda aikinta shi ne ɗaukar awo a hankali, misali sau ɗaya a minti ko a awa, ta riƙa ajiyewa har tsawon kwanaki ko watanni. Osiloskop yana kama abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, ita kuwa wannan tana tona abin da ke faruwa da tsakar dare lokacin da babu mai kallo. Idan aka jona ta da batir mai bolt 12 na dalma, wanda yake nuna kimanin bolt 12.7 idan ya cika kuma ya huta, za ta nuna sa'ar da ya faɗi ƙasa da bolt 12 da kuma ko faifan rana yana cika shi kafin la'asar. Cibiyoyin kiwon lafiya sun riga sun san irinta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa na'urar da ke riƙe awon kwana 30 a cikin firjin alluran rigakafi, waɗanda dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun da zafi yana lalata wasu, daskarewa kuma tana kashe ƙarfin wasu kamar ta Penta. Masana ruwa su ma suna zura irinta cikin rijiya domin bin hawa da saukar ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da ke da muhimmanci ga masu noman rani a Dallol Mawri, inda ruwa yake kusa da doron ƙasa.

Saboda haka mataki na farko wajen zaɓe shi ne mai gyara ya tantance tambayar da yake son amsawa. Wanda yawancin aikinsa batir ne da firji da famfo zai fi cin moriyar mai taskace awo mai kafofi huɗu zuwa takwas, tare da na'urar jin zafi da maƙalar awon kwararar wuta, wanda kuma yake buɗe inbata, rediyo ko allon salula ba shi da makawa sai da osiloskop.

A wajen osiloskop, lambobi huɗu ne abin dubawa. Na farko shi ne faɗin zango, wato iyakar saurin igiyar da na'urar ke iya bi, kuma ƙa'idar masana ita ce ya ninka saurin abin da za a auna sau biyar, domin a daidai iyakar da aka rubuta a kwali na'urar tana nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari ne kawai na ainihin tsayin igiyar. Megahaz 20 zuwa 50 sun wadatar ga aikin hasken rana da na'urorin sauti, amma mai kula da tashar rediyon FM, wadda ke watsa shiri tsakanin megahaz 88 zuwa 108, yana buƙatar abin da ya zarce haka nesa. Na biyu shi ne yawan samfurin da na'urar ke ɗauka a sakan, wanda a ƙa'ida dole ya wuce ninki biyu na saurin igiyar, a aikace kuma ana son ya kai ninki biyar zuwa goma. Na uku shi ne yawan matakan awo, inda na'ura mai bit 8 take raba awo gida 256, mai bit 12 kuma gida 4,096, bambancin da ke da tasiri idan ana neman ɗan ƙaramin motsi a kan wutar batir. Na huɗu shi ne girman ma'ajiya, domin ita ke ƙayyade tsawon lokacin da za a iya ɗauka ba tare da rage sauri ba.

Akwai batun da ya fi waɗannan lambobi nauyi, shi ne tsaron rai. A yawancin osiloskop na USB, wayar ƙasa ta tsinken awo a haɗe take kai tsaye da jikin kwamfuta, don haka maƙala ta a kan wayar da ke ɗauke da wuta zai iya ƙona na'urar da kwamfutar, ya kuma ja wa mai aiki mummunan haɗari. Wutar gida mai bolt 220 tana kaiwa sama da bolt 310 a ƙololuwar igiyarta, jerin faifan rana na babban famfo kuma yakan kai bolt ɗaruruwa, alhali ƙananan na'urorin nan da yawa bolt 20 kacal suke ɗauka a kafarsu. Duk mai niyyar auna irin wannan wuta wajibi ne ya sami tsinken awo na musamman da ke raba kwamfuta da layin, ko na'urar da aka ƙera da wannan kariya.

Yanayin ƙasar Arewa shi ma yana da hukunci a kan zaɓen. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, wanda shi ne iyakar da aka rubuta wa na'urori da yawa, ƙurar hunturu kuma tana shiga kowace kafa, don haka akwati rufaffe marar fanka ya fi dacewa. Mai taskace awo ya kamata ta kasance da batir da ma'ajiyarta, ta ci gaba da aiki ko an cire kwamfuta, manhajarta kuma ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta kasance da Faransanci, ta kuma karɓi tsohuwar kwamfuta. Araha ba ta ado, domin na'urar da ba ta zo da takardar bayanin iyakokinta ba, awonta ba abin dogaro ba ne.

Kira ga hukumomin gundumomi, da kwamitocin kula da ruwa, da cibiyoyin koyar da sana'a, da Jami'ar Dosso wadda aka kafa a 2014, shi ne su sa kuɗin kayan awo da horar da matasa a cikin kasafin kowane aikin hasken rana tun daga farko. Masu gyara kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya mai inganci su riƙa karɓa-karɓa, su auna kafin su canza kowane kaya.