Kafin Hasashen Ruwan Sama Ya Shigo Waya: Yadda Ake Tace Binciken Yanayi

Mazauna Nassarawa GRA sun san halin daminar Kano. Waya za ta nuna alamar ruwa da yamma, a yi ta sheƙa shi a titin Audu Bako, amma a Kabuga ko ɗigo babu. Nan da nan sai a ce manhajar ta yi ƙarya. Sai dai lissafin da irin waɗannan manhajoji ke dogara da shi yana da tushe: takardun bincike ne da suka sha tankaɗe da rairaya a mujallun kimiyyar yanayi.

Ba iri ɗaya ba ne rubuce-rubucen da waɗannan mujallu ke karɓa. Akwai cikakken bincike, mai ɗauke da sabon sakamako da hanyar da aka bi aka same shi. Akwai gajeriyar takarda, don sakamakon da bai kamata a jinkirta ba. Akwai takardar waiwaye, wadda ke tattara abin da aka gano a wani fanni tsawon shekaru. Sannan akwai sharhi da martani, inda wani masani zai ƙalubalanci aikin da aka buga, marubutan kuma su kare kansu.

Idan takarda ta isa, edita zai tura ta ga masana biyu ko uku na wannan fanni, galibi ba tare da marubucin ya san su ba. Su za su duba alƙaluma da lissafi, su ba da shawara: a karɓa, a yi ɗan gyara, a yi gyara mai yawa, ko a yi watsi da ita. Kamar dai yadda ƙwararren mai rubuta manhaja ke duba aikin ɗan'uwansa kafin a sake shi ga jama'a.

Manyan kamfanonin fasaha ma ta wannan ƙofa suke bi. Huawei ya sa bayanin Pangu-Weather a shafin arXiv, inda ake ajiye takardun da ba a tantance ba, a Nuwamban 2022, amma sai a Yulin 2023 mujallar Nature ta buga shi. GraphCast na Google DeepMind, mai hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, ya hau arXiv a Disamban 2022, ya fito a Science a Nuwamban 2023. Takardar ta fayyace cewa yana yanka duniya gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 28. Ke nan Nassarawa da Kabuga na iya faɗawa gida ɗaya, alhali hadarin da ya rufe wannan bai kai waccan ba.

Tantancewa ba ta nufin magana ta ƙare. Bayan farin farkon shekarun 1970 da ya cinye amfanin gona da dabbobi a Arewa da Nijar, Jule Charney ya buga takarda a 1975 a Quarterly Journal of the Royal Meteorological Society ta Ingila, yana cewa ƙarewar tsirrai na sa ƙasa ta mayar da hasken rana sama, ruwa ya ragu. Da yawa suka ɗora laifin a kan yawan kiwo. Sai ga bincike a Nature a 1986, da wani na Alessandra Giannini da abokan aikinta a Science a 2003, sun nuna cewa sauyin ɗumin ruwan teku ne babban dalili. Da ba a bar ƙofar gyara a buɗe ba, da makiyayi ya ci gaba da ɗaukar kayan da ba nasa kaɗai ba.

Saboda haka, idan saƙo ya shigo WhatsApp cewa "masana sun gano" damina za ta yi kaza, a nemi sunan mujallar, a duba ranar da takardar ta isa da ranar da aka amince da ita. Idan kwana biyu ne tsakani, akwai lauje cikin naɗi. Batun shuka kuwa, hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ya fi cancantar a tura wa 'yan'uwa da ke ƙauye.