Jirgin Dufuna, kakan jiragen Komadugu

Jama'a, ƙasashen da ke bakin teku suna da gidajen tarihi na jiragen ruwa. A ciki suke ajiye tsofaffin jirage, don yara su ga yadda kakanninsu suka yi tafiya bisa ruwa. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Amma mu mutanen Difa muna da kogin Komadugu da tafkin Cadi. Kuma jirgin da ya fi kowane tsufa a Afirka, a yankin koginmu aka same shi.

Yaya aka same shi?

A shekarar 1987, wani Bafulatani makiyayi yana gina rijiya a Dufuna, cikin Najeriya. Garin yana kusa da Komadugu Gana, wanda ke zuba ruwansa cikin Komadugu tamu. Da ya yi zurfin wajen mita 5, sai ya ci karo da wani babban icce. Aka duba, ashe jirgi ne. Ba a faskara shi aka sa a murhu ba. Labari ya kai ga hukuma.

A 1994, malaman jami'ar Maiduguri da na Jamus suka tone wurin a hankali. Tsawon jirgin ya wuce mita 8, faɗinsa rabin mita. Da iccen maɗaci guda aka sassaƙa shi. An auna guntun iccen, aka gane ya kai shekara 8,000. Laka mai danshi ce ta rufe shi, iska ba ta shiga ba, shi ya sa bai ruɓe ba. Daga baya aka kai shi Damaturu aka ajiye.

Me ya koya mana?

Na ɗaya, a wancan zamani babu ƙarfe. Da gatarin dutse aka yi wannan aiki, kuma ya yi kyau. Ke nan mutanen wannan yanki gwanayen sassaƙa ne tun fil'azal.

Na biyu, a lokacin ruwa ya fi na yanzu yawa nesa ba kusa ba. Tafkin Cadi ya mamaye wurare da yawa da suka zama tudu a yau. Ko dattawan Gigmi sun san lokacin da ruwa yake bakin garinsu, kafin farin 1973.

Abin da ya kamata mu yi

Manomin tattasai, mai gina rijiya, mai yin tubali, kowa yana tona ƙasa. In ka tarar da tsohuwar tukunya, ko ƙashi, ko gatarin dutse, kada ka fasa. Kada ka sayar wa baƙo. Ka bar shi inda yake, ka faɗa wa mai gari, shi kuma ya sanar da hukuma. Muna da gidan tarihi na ƙasa a Yamai tun 1959, an yi shi don irin waɗannan kaya.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.